Amsa: Labubun Sabon Gari, na gaske ne ko jabu?

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce kin ga Labubu, ɗan abin wasan nan irin na 'yar tsana mai haƙora a waje, a wani shago a Sabon Gari da araha, kina son saya wa ƙanwarki amma zuciyarki ba ta kwanta ba. To, araha dai ba ta ado.

Kasing Lung, haifaffen Hong Kong, shi ya ƙirƙiro Labubu a 2015, kamfanin Pop Mart na China ya fara sayar da shi a 2019. Kwalin a rufe yake zuwa, ba ki san wanne ke ciki ba sai kin ɓare. Masu gashin nan da ake ratayawa a jaka kala shida ne a jeri guda, sai na ɓoye da ke faɗowa a kwali 1 cikin 72. A kansa mutane ke ta zubar da kuɗi, abin har ya so ya yi kama da caca.

Ki ƙirga haƙoransa, na gaske tara ne cif. Ni na taɓa sayen wani a wajen mai talla a intanet, na kawo gida ina murna, sai ɗiyata ta ƙirga ta ce, "Mama, goma ne fa!" Fuskar ta yi jajir, kan kuma yana lilo kamar zai ɓalle. Irin waɗannan jabun ake kira Lafufu.

Na gaske yana da lambar QR a jikin kwali, ki duba ta da wayarki tun a gaban mai shago. In ya fara kame-kame, ki riƙe kuɗinki. In kuwa don wasan yarinya ne kawai, jabun ma ya isa, ki dai lura idanunsa na saurin cirewa, kada ƙaramin yaro ya kai baki.