Shawarar Lauya: An Yi Mini Barazanar Kamu Saboda Rubutu Kan Asibitin Garinmu

Tambaya: Assalamu alaikum, Barista. Ina zaune a wani ƙaramin gari, kuma ni ke kula da wani shafi a Facebook inda muke sanar da jama'a labaran gari da ayyukan ƙaramar hukumarmu. An soma gina mana asibitin sha-ka-tafi, da ginin ya kai linta sai aka watsar da shi, yau kusan shekara biyu ke nan. Na ɗauki hotuna na sanya, na rubuta cewa an fitar da kuɗin aikin gaba ɗaya amma shugaban ƙaramar hukuma da ɗan kwangila sun cinye. Wani ma'aikacin sakatariya ne ya tsegunta mini cewa an biya kuɗin, sai dai ba ni da wata takarda a hannu. Yanzu wani na hannun daman shugaban ya kira ni ya ce idan ban goge rubutun na ba da haƙuri ba, za a sa 'yan sanda su kama ni. Shin doka ta ba su wannan ikon? Kuma ta wace hanya zan san gaskiyar inda kuɗin suka shiga?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Na karanta wasiƙarka da kyau, kuma tun da farko ina so ka sani cewa aikin da kake yi na sanar da mutanen garinku halin da dukiyarsu take ciki aiki ne da kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya amince da shi, domin sashe na 39 ya ba kowane mutum 'yancin faɗin ra'ayinsa da karɓar labari da isar da shi ga wasu. Amma sashe na 45 na kundin ya bar wa hukuma damar yin dokokin da za su kare haƙƙin sauran jama'a, kuma mutuncin mutum yana cikin haƙƙoƙin da ake karewa, don haka dole mu raba rubutunka gida biyu kafin mu san inda kake da ƙarfi da inda kake da rauni.

Hotunan ginin da aka watsar, da cewa ya kusa shekara biyu a haka, da tambayar dalilin da ya sa aka tsaya, duk waɗannan abubuwa ne da idonka ya gani, kuma kowa a garin zai iya zuwa ya gani. Babu kotun da za ta kama ka da laifi a kansu. Matsalar tana cikin jumlar da ka ce shugaba da ɗan kwangila sun cinye kuɗin, saboda wannan zargin sata ne kai tsaye a kan mutane biyu da kowa ya san ko su wane ne, kuma hujjarka kaɗai ita ce maganar baki daga mutumin da wataƙila ba zai yarda ya tsaya a gaban alƙali ya maimaita ta ba. A shari'ar ɓata suna, wanda ya kai ƙara zai nuna cewa an wallafa maganar, da shi ake nufi, kuma ta zubar masa da daraja a idon jama'a. Daga nan nauyin tabbatar da cewa maganar gaskiya ce sai ya dawo kanka. Ka lura kuma cewa ko da an tabbatar an fitar da kuɗi, hakan bai nuna wanda ya karɓe su ba, domin yana yiwuwa kashi ɗaya kawai aka biya, ko ɗan kwangila ya karɓa ya gudu, ko kuwa aikin ma ba na ƙaramar hukumar ba ne.

Ɓata suna yana iya zama ƙarar neman diyya, yana kuma iya zama laifi. A Dokar Final Kod da ake aiki da ita a jihohin Arewa, sashe na 391 ne ya fayyace laifin, sashe na 392 kuma ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 2, ko tara, ko duka biyun; wasu jihohi sun sake tsara tasu dokar, saboda haka lambar sashen tana iya bambanta a jiharku. Ita wannan doka ta ware abubuwan da ba ɓata suna ba ne, kuma biyu daga cikinsu sun shafe ka: faɗin gaskiya a kan mutum idan bayyana ta na da amfani ga jama'a, da bayyana ra'ayi da kyakkyawar niyya game da yadda ma'aikacin gwamnati yake gudanar da aikinsa. Kenan idan ka rubuta cewa barin asibiti a watse tsawon wannan lokaci sakaci ne da bai dace da shugaba ba, kana cikin inuwar doka. Da zarar ka ce ya saci kuɗi kuwa, to sai da takarda.

Akwai kuma dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka sha amfani da sashe na 24 nata wajen kama masu rubutu a shafukan sada zumunta. An yi wa sashen gyara a watan Fabrairu na 2024, aka cire kalmomi masu faɗi irin na ɓata wa mutum rai ko cin mutuncinsa, aka taƙaita shi ga saƙon batsa da kuma saƙon da mai aika shi ya san ƙarya ne ya kuma aika shi don ya jawo rugujewar doka da oda ko ya jefa rai cikin haɗari. A fahimtata, rubutu kan asibitin da aka watsar bai faɗa cikin wannan ba, ko da yake ba zan ɓoye maka cewa har yanzu ana samun 'yan sandan da ke rubuta sashen a takardar tuhuma ba.

Shawarata a kan rubutun ita ce ka gyara shi, ba ka goge shi baki ɗaya ba. Ka bar hotunan da bayanin abin da ka gani, ka cire jumlar zargin, ka sanya tambayoyi a madadinta: nawa aka ware, wa aka ba aikin, nawa aka biya, yaushe za a kammala. Kafin ka taɓa komai ka adana hoton rubutun na asali, da lambar wanda ya kira ka da ranar da ya kira. Kada kuma ka sa hannu a wata takardar ban haƙuri da wani ya rubuta maka sai lauya ya karanta ta, domin irin wannan takarda takan ƙunshi amsa laifin da za a iya kafa hujja da shi a kanka daga baya.

Idan 'yan sanda suka gayyace ka, ka amsa gayyatar tare da lauya ko wani babba da zai tsaya maka. Sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ba ka damar yin shiru har sai ka ga lauyanka, ya wajabta a sanar da kai dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, kuma a gurfanar da kai gaban kotu cikin kwana 1 idan akwai kotun da ta cancanta a tsakanin kilomita 40, ko cikin kwana 2 idan babu. Shugaban ƙaramar hukuma yana da ikon kai ƙorafi kamar kowane ɗan ƙasa, amma ba shi da ikon sa a tsare ka don ya huce haushi, kuma idan aka wuce iyaka kana iya shigar da ƙarar kare haƙƙinka a Babbar Kotu ƙarƙashin sashe na 46.

Tambayarka ta biyu ita ce ta fi muhimmanci a wurina, domin amsarta ce za ta fitar da kai daga dogaro da tsegumi. Abin da za ka fara tantancewa shi ne mai aikin. Jadawali na 4 na kundin tsarin mulki ya sanya samar da ayyukan lafiya cikin abubuwan da ƙaramar hukuma ke da hannu a ciki, amma a aikace ginin asibiti a ƙaramin gari yana iya fitowa daga gwamnatin jiha, ko ya zama aikin mazaɓa da ɗan majalisar tarayya ya sa a kasafin kuɗi wata hukumar tarayya ta bayar da kwangilarsa. Allon da ake kafawa a bakin aiki yakan nuna hukumar da ta bayar da kwangila da sunan kamfanin, kuma za ka iya duba rajistar kamfanin a shafin hukumar rajistar kamfanoni ta CAC. Haka nan abin da kowace ɗaya daga ƙananan hukumomi 774 take samu daga asusun tarayya duk wata ba sirri ba ne, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana wallafa shi.

Da zarar ka gane mai aikin, sai ka yi amfani da Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a ranar 28 ga Mayu 2011. Sashe na 1 ya ba kowane mutum damar neman bayanan da ke hannun hukumar gwamnati, kuma ya ce ba sai ka faɗi dalilin da ya sa kake nema ba. An daɗe jami'an jihohi da ƙananan hukumomi suna kafa hujja da cewa dokar ta tarayya ce ba ta hau kansu ba, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Afrilu na 2025, a wata shari'a da ta samo asali daga jihar Edo, cewa dokar ta shafi dukkan matakan gwamnati. Wannan hukunci ya ƙarfafa hannun mutane irinka ƙwarai, kuma abin takaici ne yadda kaɗan ne suka san da shi.

Ka rubuta wasiƙa gajera zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma, ka ambaci dokar a sama, sannan ka jero ainihin takardun da kake so, wato takardar bayar da kwangilar asibitin, da adadin kuɗin da aka amince da shi, da takardun biyan kuɗi tare da ranakunsu, da rahoton injiniyan da ya duba aikin kafin kowane biya. Ka guji zargi ko zafin harshe a cikinta, ka kuma guji tambaya mai faɗi irin ta neman a yi maka bayanin duk kuɗin da aka kashe a fannin lafiya, domin irin wannan tana ba jami'i hanyar kaucewa. Ka kai kwafi biyu, a buga maka hatimi da kwanan wata a kan naka. Idan aka ƙi karɓa, ka aika ta kamfanin isar da saƙo ka riƙe rasit. Tunda Kotun Ƙoli ta yanke a ranar 11 ga Yuli 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye amma aiwatar da hukuncin ya gamu da tsaiko, yana da kyau ka aika irin wasiƙar ga ma'aikatar ƙananan hukumomi ta jiha, don kada kowane ɓangare ya ce takardun suna wurin ɗayan.

Doka ta ba hukuma kwana 7 ta ba ka bayanan ko ta rubuto maka dalilin ƙin bayarwa, kuma tana iya ƙara wasu kwanakin da ba su wuce 7 ba idan takardun na da yawa. Kuɗin da za a caje ka bai wuce na buga kwafi ba. Idan wa'adin ya cika aka yi shiru, doka ta ɗauki shirun a matsayin hanawa, kuma sashe na 20 ya ba ka kwana 30 ka nemi Babbar Kotu ta duba lamarin, inda hukumar ce za ta tabbatar wa alƙali cewa tana da hujjar hanawa. Jami'i ko hukumar da aka samu da hana bayani ba bisa ƙa'ida ba za ta iya fuskantar tarar naira 500,000, wanda kuma ya lalata takarda ko ya sauya ta da gangan, hukuncinsa ɗaurin da bai gaza shekara 1 ba ne. Sashe na 27 ya kare ma'aikacin da ya fallasa bayanin da yake da dalilin gaskata cewa yana nuna almundahana ko ɓarnatar da dukiya, ya kuma kare wanda ya karɓi bayanin ya yaɗa shi. Duk da haka kada ka ambaci sunan wanda ya tsegunta maka ga kowa, saboda kariyar da ke rubuce ba ta hana a yi masa canjin wurin aiki ko a takura masa ta wata hanya ba.

Zai fi maka ƙarfi idan wasiƙar ta fito da sunan ƙungiyar ci gaban gari, ko mutane da dama suka sa hannu, domin an fi saurin yi wa mutum ɗaya barazana. Kansilan mazaɓarku ma yana da damar tayar da maganar a zaman majalisar ƙaramar hukuma. Idan takardun suka fito suka nuna an biya kuɗin aikin da ba a yi ba, sai ka rubuta koke tare da kwafinsu da hotunanka zuwa hukumar ICPC, wadda take da shirin bin diddigin ayyukan gwamnati, ko EFCC, ka kuma aika wa babban mai binciken kuɗi na ƙananan hukumomi na jiharku. A lokacin ne za ka iya wallafa abin da takardun suka ƙunsa, adadi da rana, ba tare da fargabar ƙarar ɓata suna ba, matuƙar ba ka ƙara musu abin da ba su faɗa ba.

Kafin ka kai maganar kotu, ka sa lauya ya duba dokar ƙananan hukumomi ta jiharku, domin jihohi da dama sun shardanta a ba ƙaramar hukuma sanarwa a rubuce kafin a maka ta a kotu, kuma ana korar ƙara saboda rashin wannan sanarwar. Idan ba ka da halin ɗaukar lauya, ka tuntuɓi ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a da ke jiharku ko reshen ƙungiyar lauyoyi mafi kusa da kai. Ka yi hakan tun ranar da ka miƙa wasiƙar, kada ka jira sai an hana ka, saboda kwanaki 30 ɗin nan daga ranar da aka hana ko wa'adin ya cika suke fara ƙirguwa, kuma wanda ya bari suka wuce sai ya roƙi kotu ta ƙara masa lokaci kafin ma a saurari ƙararsa.