Amsa ga mai neman PS4: fasasshe ko rufaffe?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka, na kuma ga yadda aka bar ta a baya aka koma musun Messi da Ronaldo a ƙarƙashinta. Abin da na fahimta shi ne kana son sayen PS4 (PlayStation 4, na'urar wasan bidiyo ta kamfanin Sony) na tokumbo ka ajiye a shago, yara su riƙa buga ƙwallo suna biya, da dare kuma ku ɗan taɓa da abokai. Mai sayarwa ya nuna maka guda biyu: ɗaya an fasa tsaronsa an cika shi da wasannin kwafi, ɗayan yana nan a rufe yadda Sony ta ƙera shi. Kana son sanin wanda ya fi, sannan wani ya ce maka fasasshen haramun ne. Ni tun zamanin PS2 nake riƙe da gidan gem, yanzu kuma gyara ya fi yawa a aikina, to ga abin da na sani.

Da farko ka cire yawan wasannin nan daga lissafinka. Da su ake jan hankalin mai saye: a kunna maka na'ura ka ga hotuna jere reras, ka ji kamar ka tsinci dami a kala. Amma duk wanda ya taɓa zama a gidan gem ya san abin da yara ke zuwa nema. Ƙwallo ce. Sai ɗan dambe ko kokawa in an gaji, sai mai son GTA, wasan yawo da mota a cikin gari, jefi-jefi. Sauran suna nan kwance suna cin wuri a ma'ajiyar na'ura, wadda galibi 500GB ce ko 1TB. Lafiyar na'urar ita ce kuɗinka, ba abin da aka cusa mata ba.

Fasasshen yana da halinsa, kuma masu sayarwa ba sa son yin dogon bayani a kai. Fasawar ba ta zama daram. Duk lokacin da na'ura ta mutu gaba ɗaya sai an sake tayar da ita kafin wasannin su buɗe, wani lokaci ta kama nan take, wani lokaci na'ura ta daskare sai an sake. Ka haɗa wannan da halin wutarmu, inda za a ɗauke sau uku kafin azahar, ga yara a zaune sun biya kuɗi suna kallon ka. Sannan komai ya rataya ne a kan lambar manhajar da ke cikin na'urar. Lambobin da suka yi suna su ne 5.05 da 6.72, sai 9.00 da aka fasa a ƙarshen 2021, sai 11.00 a 2024. Ranar da wani yaro mai ƙaiƙayin hannu ya haɗa ta da intanet ya danna sabuntawa, ta haye lambar da ke sama, shi ke nan, fasawar ta tafi, kuma Sony ba ta bar ƙofar komawa baya ba. Na karɓi na'urori da yawa da aka kawo mini a kan wannan, masu su suna rantsuwa ba wanda ya taɓa. An taɓa mana.

Abu na gaba, fasasshe ba ya shiga wasan intanet. Ba za ka kara da mutumin Kaduna ko na Maraɗi ba, kuma sabon wasa in ya fito yakan nemi lambar manhaja ta sama, sai ka jira masu sarrafawa su rage masa tsawo ya dace da taka. Jerin 'yan wasa ma haka: an sayar da ɗan wasa ya koma Saudiyya, amma a shagonka yana nan a tsohon kulob ɗinsa har sai ka je an ɗora maka gyara. Yaran yanzu suna lura da wannan fiye da yadda kake zato. Kowa ya sayi rariya dai ya san za ta zubar da ruwa.

To me ya sa duk da haka fasasshen ya cika gidajen gem daga Kano har Damagaram? Kuɗi. Sabon wasan ƙwallo na kamfanin EA, wanda ya bar sunan FIFA ya koma FC tun 2023, dala 70 yake fitowa. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 dala ta yi ta hawa har ta wuce naira 1,500 a 2024. Ka lissafa, a lokacin wasa ɗaya ya haura naira 100,000, alhali mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne. Ƙari a kan haka, in ka zo buɗe asusun PlayStation ba za ka ga Najeriya a jerin ƙasashe ba, balle Nijar. Dole ka ce kana Amurka ko Ingila, ka nemi adireshin da ba naka ba, sannan ka sayi katin kuɗinsu a hannun 'yan tsakiya da riba a kai. Wato mai son bin hanya ma sai ya fara da ƙarya kafin a karɓi kuɗinsa. Ban faɗi wannan don in wanke kowa ba, amma masu zagin mutane da ɓarayi daga cikin ɗaki mai sanyi ya kamata su san farashin abin da suke magana a kai.

Akwai hanya ta uku da za a iya kawo maka, kuma ita na fi jin tsoro. Za a ce na'urar rufaffiya ce, tana shiga intanet, amma za a loda maka sabbin wasanni a kan kuɗi kaɗan. Yadda abin yake, wani ne ya sayi wasan a asusunsa, sai a shigar da asusun a na'urarka a mai da ita babbar na'urar asusun, a sauke wasan. Yana aiki lafiya lau, har ranar da mai asusun ya janye izini ko ya sayar wa wani, ko Sony ta rufe asusun saboda da katin bankin sata aka yi sayayyar. Sai ka wayi gari ka ga ɗan hoton kwaɗo a kan kowane wasa. Kuɗinka ya tafi, mai lodawa ya ce ba laifinsa ba ne. Shi fasasshe aƙalla ka san matsayinsa tun ranar farko. Wannan kuwa kana zaune ne a kan alƙawarin mutumin da ba ka taɓa gani ba, kuma ta yiwu kana cin moriyar kuɗin da aka zare daga asusun wani bawan Allah.

Hanyar da mutane ke mantawa da ita ita ce faifai. Faifan PS4 ba shi da shingen ƙasa, wanda aka saya a Dubai ko Landan zai yi aiki a Kano. Na hannu halal ne, ka saya, ka gama, ka sayar ko ka yi musaya. Wasan ƙwallon bara yana faɗuwa warwas da zarar na bana ya fito a ƙarshen Satumba, kuma bambancinsu a fili bai taka kara ya karya ba. Ko a shagon Sony na intanet, wasan da ya fito da dala 70 yakan sauko sosai a rangwamen Nuwamba. Ga kuma eFootball na Konami, wanda ya gaji wasan ƙwallonsu na PES a 2021: kyauta ne, wasansa na intanet ma ba ya buƙatar kuɗin wata na PS Plus, sai dai ƙungiyoyin da ake iya zaɓa in mutum biyu za su kara a zaune ba su da yawa, shi ya sa bai karɓu a gidajen gem kamar PES 2021 ba. Matsalar rufaffe ɗaya ce babba, data. Faifai ma in ka saka yakan nemi sabuntawa mai nauyin gigabait masu yawa, don haka ka nemi inda ake da intanet mai ƙarfi ka sauke sau ɗaya, ka dawo ka cire ta daga layi.

Sai maganar haramci. Ni ba malami ba ne, ka kai tambayar ga malamin da ka yarda da shi. Abin da zan iya gaya maka shi ne Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta zartar cewa haƙƙin mawallafi da na mai ƙirƙira haƙƙi ne da shari'a ta kare, bai halatta a keta shi ba. A dokar ƙasa ma, sabuwar dokar haƙƙin mallaka da Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023 ta shafi kayan intanet da fasa makullin da aka sa wa aiki. Don haka mai cewa babu komai a ciki bai faɗi daidai ba. Kuma kai ka lura, ba don nishaɗin ɗakinka kaɗai za ka saya ba, kuɗi za ka riƙa karɓa da shi. Wannan ya fi nauyi.

Hujjar da na fi ji a bakin matasa ita ce wai kwafi ba sata ba ce, tun da mai abu bai rasa nasa ba. Mu da muke Kano bai kamata mu faɗi haka ba, domin a gaban idonmu aka yi. Wanda ya san Ƙofar Wambai lokacin da kasuwar fim ke ci ya san yadda ake dakon kaset da faifai zuwa Sakkwato, Jos, Yamai, har Kumasi. Furodusa ya fitar da fim, dillali ya saya, mai buga kwali ya samu, mai shagon haya ya samu. Aka fara da masu kwafar faifai, sannan waya mai memori ta zo, 'yan dawunlodin suka kafa teburi a kowace kwana suna tura fim a kan kuɗin da bai kai na ƙosai ba. Fim ya fito da safe, kafin la'asar yana cikin wayar kowa. Ba wanda ya shiga gidan furodusa ya ɗauki ko tsinke, amma kasuwar faifai ta mutu murus. Ba satar fasaha kaɗai ta kashe ta ba, fassarar fina-finan Indiya ta ci nata rabon, zamani ma ya juya. Sai dai ita ce ta fara karya ƙashin bayan. Yau masu shirya fim sun koma dogon zango a YouTube da tashoshi irin Arewa24, suna jiran kuɗin talla. Abin da ke ba ni haushi, fim ɗin yana nan kyauta a tashar mai shi, amma sai mutum ya je a tura masa kwafi, ya hana mai aikin ko ɗan lissafin kallon da zai ci abinci da shi.

A ganina illar ba ɗaya ba ce. Kamfanin da ke cinikin biliyoyin dala, wanda bai ma sa ƙasarmu a jerinsa ba, ba zai ji ciwon shagonka kamar yadda mawaƙi ko marubuciyar unguwarku za su ji ba. Amma ƙarancin illa daban, halacci daban, kada a haɗa su.

Da ni ne kai, rufaffe zan saya, samfurin siriri da ake kira Slim, da faifan ƙwallo na hannu guda ɗaya da na dambe ɗaya, rarar kuɗin in zuba a hannuwa masu kyau, wato abin da ake riƙewa a buga wasan. Slim ɗin da ya fito a 2016 ƙarfin wutarsa bai wuce wat 165 ba, na farko mai ƙiba na 2013 yana kai 250, babban samfurin Pro kuwa 310. In da inbata ko ƙaramin janareto za ka yi aiki, wannan bambancin zai nuna kansa a aljihunka. Kada ka damu da PS5 yanzu, sai in GTA na shida kake hari, don shi ba zai zo PS4 ba.

A shagon mai sayarwa kada ka yarda da kunnawar minti biyu. Ka sa a buga wasa mai nauyi na rabin awa ka saurari fanka. In tana kuka kamar za ta tashi sama, ƙura ta toshe ta ko man da ke kan ƙwaƙwalwarta ya bushe. Wannan gyara ne mai sauƙi, amma a rage maka kuɗi. Ka duba takardun da ke kan kusoshin baya ka ga ko an taɓa buɗe ta. Ka ɗan motsa wayar HDMI, wadda ke kai hoto talabijin, a raminta, in hoto yana ɗaukewa ka bar ta. Ka zo da faifai ka gwada, ya shiga ya karanta ya fito, don akwai fasassun da ke kasuwa da wurin faifansu ya daɗe da mutuwa ba wanda ya kula. Ka sunsuna ramukan iska ma, ba wasa nake ba: kyankyasai suna son ɗumin sashen wutar PS4, kuma su ne ajalin da yawa daga cikin waɗanda nake buɗewa.

Hannuwa kuwa jabu sun fi na gaske yawa. Na jabu ba shi da nauyi, batirinsa ba ya jimawa, kuma sandarsa kan fara janye ɗan wasa gefe ba tare da an taɓa ba. A gidan gem hannu shi ne abin da ke cin kuɗi kullum, ba na'ura ba. Ka kuma sa sitabilaiza, in da hali da ƙaramin UPS mai riƙe wuta na ɗan lokaci in an ɗauke, saboda ɗaukewar wuta ana tsakiyar wasa tana lalata ma'ajiya. Lokacin hunturu ka riƙa rufe ta da ƙyalle bayan ta huce.

In ka koma wurin mai shagon, ka shiga saitin kowace na'ura ka ɗauko hoton lambar manhajarta, ka juya ta ka ɗauko lambar samfurin da ke farawa da CUH, ka turo nan tare da farashin da ya yanka maka. Da su zan iya gaya maka ko kuɗin ya dace da kayan.