Jiran gida da rainon dabbobin mutane: amsar tambayarka

Ɗana, ka tambaye ni ko da gaske ne mutum zai iya yawo ƙasa-ƙasa na tsawon watanni ba tare da biyan kuɗin masauki ba, yana jiran gidajen waɗanda suka yi tafiya yana kula musu da karnuka da kyanwoyi, kuma in haka ne ta ina za ka fara. Da gaske ne, ana yi, kuma akwai waɗanda suka shekara da shekaru a kai. Amma yadda ka jera tambayar ne ya sa na zauna in amsa maka a tsanake. Ka sa yawo a gaba, ka bar dabba a baya. A wannan aiki dabbar ce gaba, yawon kuwa abin da ya rage ne bayan ta ci, ta sha, ta fita, ta kwanta lafiya.

Tsarin kansa ba wuya. Mai gida zai yi tafiyar wata biyu ko uku, wani har rabin shekara, kuma ba ya son kai karensa gidan ajiyar dabbobi a kulle shi cikin baƙin karnuka. Kai kuma wurin kwana kake nema. Sai ku haɗu ta shafukan da aka buɗe don haka, irin su TrustedHousesitters da aka kafa a Ingila a 2010, ko Nomador da ya fi ƙarfi a Faransa, ko MindMyHouse. Shafin kake biya kuɗin rajista na shekara. Tsakaninka da mai gida kuwa yawanci ko kwabo ba ya shiga: shi ya bar maka ɗaki da kicin da wuta da intanet, kai ka ba shi kwanciyar hankali yana can nesa.

To ga abin da masu ɗokin farawa ba sa lissafawa. Ƙungiyar kula da dabbobi ta RSPCA a Birtaniya tana ba da shawarar kada a bar kare shi kaɗai fiye da awa 4, kuma masu gida da yawa wannan ƙa'idar za su gindaya maka. Yi lissafi da kanka. In gidan yana bayan gari, awa ɗaya zuwa, awa ɗaya dawowa, me ya rage maka na kallon birnin? Kwana a waje babu shi sam. Za ka iya yin wata uku a ƙasa ba ka ga wuraren da ake nunawa a hotuna ba, amma ka san kowane lungu na unguwar, ka san maƙwabta da sunan karnukansu, ka san ƙarfe nawa motar kwasar shara take zuwa. Ni wannan irin sanin ƙasa ya fi min daɗi, shi ya riƙe ni a aikin. In kai ba shi kake nema ba, gara ka sani tun yanzu, ka nemi gidaje masu kyanwa kawai, don ita tana jure zaman kaɗaici na yini fiye da kare.

Kafin ka amsa wa kowa, ku yi magana ta bidiyo. Gani ya kori ji. Ka roƙi a zagaya da kai gidan da wayar, ka ga ɗakin da za ka kwana, ka ga dabbar tana motsi. Sannan ka yi tambaya ba kunya. Shekarunta nawa? Tana shan wani magani? Ta taɓa cizon mutum ko wani kare? Tana haushi in an fita an bar ta? A ina take kwana? Akwai wanda ke da makulli ban da kai? Akwai kyamara a cikin gidan? Wa zai biya wuta da gas in zaman ya yi tsawo, musamman a ƙasashen da ake ɗumama gida lokacin sanyi? Mai gidan kirki yana jin daɗin irin waɗannan tambayoyi, don sun nuna masa ka san aiki. Wanda ka ga yana kewaye-kewaye a kan batun cizo, ka yi masa godiya ka bar shi.

Ka isa kwana ɗaya kafin su tashi. Wannan ba na sassauci a kansa. A wannan yinin za ku fita da karen tare, ya gan ka kusa da ubangidansa, ya ji ƙamshinka, ka ga yadda ake ɗaura masa igiya da hanyar da ya saba bi. A nuna maka inda ake kashe ruwan gidan gaba ɗaya, da akwatin fis na lantarki, da yadda ake kashe ƙararrawar ɓarayi. Wanda bai san inda makunnin ruwa yake ba, ranar da bututu ya fashe cikin dare zai tsaya yana kallon ruwa na cin kafet ɗin mutane. Kuma ka karɓi abu uku a rubuce: lambar likitan dabbobin da suke zuwa da ta asibitin da ke buɗe da dare, lambar wani ɗan uwa ko maƙwabci da ke kusa, da izinin mai gida cewa za ka iya kai dabbar asibiti da iyakar kuɗin da ya yarda a kashe ba sai an same shi a waya ba. In dabbar ta tsufa sosai, ku yi maganar da ba a son yi: idan ciwon ajali ya zo yana can, wa zai yanke shawara, kuma me yake so a yi. Magana ce mai nauyi, amma yin ta a falo ya fi yin ta a waya mutum yana wata nahiya yana kuka.

Yanzu ga zuciyar aikin, ka karanta nan sau biyu. Dabba kamar jariri take, ba ta faɗin inda ke mata ciwo, sai mai lura ya gane. Kyanwa za ta iya ɓuya ƙarƙashin gado kwana ɗaya ko biyu don ba ta san ka ba, wannan ba komai, ka ajiye mata abinci da ruwa ka ƙyale ta. Amma in ta kai kwana biyu ba ta ci komai ba, asibiti, domin kyanwa, musamman mai ƙiba, in ta daina ci kitse yakan taru a hantarta ya lalata ta. Muzuru da ka ga yana ta zarya zuwa wurin fitsari yana yunƙuri ba abin da ke fita, mai yiwuwa hanyar fitsarinsa ce ta toshe, kuma wannan yana kisa cikin kwana ɗaya ko biyu. Ba a jiran gari ya waye. Haka babban kare mai zurfin ƙirji da cikinsa ya kumbura, yana kakarin amai ba ya fitar da komai, yana kai-komo ya kasa kwanciya: mai yiwuwa tumbinsa ne ya murɗe, kuma awoyi ne tsakaninsa da mutuwa.

Kada ka taɓa ba dabba maganin mutane da ra'ayin kanka. Farasitamol guda ɗaya yana iya kashe kyanwa. Cakulan guba ne ga kare, kuma baƙin ya fi haɗari. Inabi da zabibi suna lalata masa ƙoda, albasa da tafarnuwa suna fasa masa ƙwayoyin jini, sannan akwai wani abin zaƙi da ake sa wa cingam marar suga, zailitol, wanda ke zubar da sugan jininsa cikin ɗan lokaci. Furen lili da ake kawowa ado a falo, ko garin da ke kansa kyanwa ta lasa, ƙodarta na iya tsayawa. In ka karɓi dabba mai ciwon suga da ake yi wa allurar insulin, yawanci duk awa 12 ne tare da abinci, to rayuwarka ta koma kan wannan agogon. Ranar da ta ƙi cin abinci, ka kira likita kafin ka yi allurar. Lokacin zafi kuma ka fita da kare da sassafe da bayan faɗuwar rana. Ɗora bayan hannunka a kan kwalta, in ba ka iya jurewa ba, tafin ƙafarsa ma ba zai jure ba.

Ko da mai gida ya ce karensa yana jin kira, kada ka kwance masa igiya a kwanakin farko. Kiran ubangidansa yake ji, naka bai san shi ba tukuna. Kuma ka riƙa tura hoto da ɗan bayani kullum ko yadda kuka shirya. In wani abu ya fashe ko dabbar ta yi amai, ka faɗa a ranar. Amana kake riƙe da ita, kuma ɓoye ƙaramin abu shi ke sa a yi zargin babba.

Sai batun iyakokin ƙasashe, inda mutane da yawa ke faɗawa rami. A ƙasashen Turai na yankin Shengen, wato waɗanda suka buɗe iyakokinsu ga juna, baƙo mai ziyara yana da kwana 90 ne cikin kowane kwana 180, kuma lissafin na yankin ne gaba ɗaya. Wato ba za ka gama wata uku a Faransa ka tsallaka Sifen ka sake wasu uku ba. Birtaniya ba ta cikin yankin, tana barin mai ziyara har wata 6, amma ta hana shi aiki. A nan matsalar take: jami'in shige da fice yana iya ɗaukar kula da dabba a madadin masauki a matsayin aiki ko da ba a biya ka ba, kuma an taɓa mayar da masu jiran gida daga filin jirgi a Amurka kan wannan dalilin. Ka karanta dokar ƙasar daga hukumarta kafin ka amsa wa kowa, ka duba abin da fasfonka da bizarka suka ba ka dama. Kada ka yi wa jami'i ƙarya. In aka kama ka, hanin shiga na shekaru zai iya biyo baya, ga kuma mutanen da suka riga suka hau jirgi sun bar dabba tana jiranka.

Kuɗi kuma dole ne. Masauki ne kawai ka huta da shi. Tikiti, abinci, inshorar lafiya, duk aljihunka. Tsakanin gida da gida akwai giɓin kwanaki da za ka biya otal, kuma mai gida yana iya soke tafiya ko ya dawo da wuri saboda rashin lafiya. Ka ajiye abin da zai riƙe ka mako biyu ko uku da kuɗin komawa gida, kada ka taɓa shi. Akwai kuma kaɗaici, da zafin rabuwa da karen da ya yi wata uku yana kwana a bakin ƙofarka. Wannan ba a sabawa da shi.

Inda za ka fara shi ne kusa da kai. Ba wanda zai miƙa makullin gidansa na wata huɗu ga wanda ba shi da shaidar kowa. Ka yi gajerun zama na ƙarshen mako da na mako ɗaya, ka roƙi kowane mai gida ya rubuta maka shaida, ka nemi takardar 'yan sanda mai nuna ba ka da laifi. Lokacin hutun ƙarshen shekara da na Yuli da Agusta gidaje suna yawa, sabon shiga ya fi samun dama a nan. Idan za ka rubuta wa mai gida, ka ambaci dabbarsa da sunanta, ka faɗi irinta da ka taɓa riƙewa da abin da ka iya, kamar ba da ƙwayar magani ko yin allura, ka bar zancen yadda kake mafarkin ganin garinsu. Rubuta wasiƙar farkon ka turo min in duba kafin ka aika.