Wa ya riƙe Tarabulus lokacin yaƙin Siriya?

Tambaya: Malam, da yaƙin Siriya ya ɓarke a 2011 an yi ta cewa zai cinye Tarabulus, babban birnin 'yan Sunni a arewacin Labanon, amma birnin bai ruguje ba. Na ji an ce manyan 'yan siyasar Sunni ne suka riƙe shi da dukiyarsu. Haka ne?

Amsa: Ɗan'uwa, sun riƙe shi, amma sai ka ga irin riƙon.

A Labanon ana kiran ubangidan siyasa za'im. Shi ke biyan kuɗin asibiti, ya samar wa ɗanka aiki, ya fito da ƙanenka daga hannun 'yan sanda, kai kuma ka biya da ƙuri'a. A Tarabulus iyayen gidan sanannu ne: gidan Karami mai tsohon tarihi, attajirai Najib Mikati da Muhammad Safadi, kowanne da gidauniyarsa, sai jam'iyyar Mustaƙbal ta Sa'ad Hariri, daga baya kuma Ashraf Rifi, tsohon shugaban 'yan sanda. Inda gwamnati ta gaza, ƙofarsu talaka ke ƙwanƙwasawa.

Wutar ta fi ci tsakanin unguwanni biyu: Bab al-Tabbana ta 'yan Sunni da Jabal Muhsin ta Alawiyawa, 'yan aƙidar shugaban Siriya na lokacin, Bashar al-Assad, waɗanda suka goya masa baya. Titi ɗaya ya raba su, sunansa ma Titin Siriya. Gabar tsohuwa ce, domin mutanen Tabbana ba su manta kisan da sojojin Siriya da 'yan korensu suka yi musu a Disamban 1986 ba. Daga 2008 zuwa 2014 an yi ta gwabzawa, a lafa, a sake tashi. Ranar 23 ga Agustan 2013 bama-bamai suka tashi a masallatan Taƙwa da Salam a ranar Juma'a, mutum fiye da 40 suka rasu.

Masu jan ragamar faɗan su ne jagororin bakin daga, samarin unguwa, kowa da yaransa da bindigoginsa. Mutanen birnin sun daɗe suna zargin cewa kuɗi da kariya daga wurin manya suke fitowa, ko da yake manyan na musantawa. Abin da ya faru a Afrilun 2014 ne ya sa na ɗauki zargin da muhimmanci. A watan Fabrairu an kafa gwamnatin Tammam Salam, wadda ta haɗa ɓangaren Hariri da Hizbullah, Nuhad Mashnuk na ɓangaren Hariri ya karɓi ma'aikatar harkokin cikin gida, Rifi ya karɓi ta shari'a. Sai aka fito da shirin tsaro, sojoji suka shiga unguwannin biyu, aka kwashe shingaye cikin kwanaki. Wasu jagororin suka gudu, wasu suka miƙa kansu aka tsare su, Rifa'at Eid, jagoran Alawiyawan Jabal Muhsin, ya tsere. Faɗan shekara shida ya tsaya da zarar manya sun sasanta a Beirut. Wannan na ci mini rai, domin 'ya'yan talakawa ne aka binne kafin a sasanta.

Ban ce ba su yi wani amfani ba. Tallafinsu ya hana gidaje da dama kwana da yunwa, ya kuma rage wa masu tsattsauran ra'ayi kasuwa, duk da cewa sojoji sun sake fafatawa da masu tsattsauran ra'ayin a tsohuwar kasuwar birnin a Oktoban 2014.

Sai dai wannan zama ya dogara ne da aljihun ubangida. Kamfanin Saudi Oger na gidan Hariri ya durƙushe a 2017, tattalin arzikin Labanon ya bi baya a 2019. Tun ma a zaɓen ƙaramar hukuma na 2016 jerin 'yan takarar Rifi ya kayar da wanda Hariri, Mikati, Safadi da Karami suka haɗu suka mara wa baya. A Janairun 2021 masu zanga-zangar yunwa suka banka wa ginin ƙaramar hukumar wuta, bayan shekara guda Hariri ya jingine siyasa, a Afrilun 2022 kuma wani jirgin ruwa maƙare da iyalai masu neman tsallakawa Turai ya nutse a gaɓar birnin.