Na mayar da distirbuta, mota ta ƙi tashi

Tambaya: Assalamu alaikum. Na cire distirbutar motata mai silinda 4, wato abin da ke raba wa fulogogi wuta, don in canza robar da ke yoyon baƙin mai. Ban sa alama ba, kuma an buga sitata distirbutar tana waje. Da na mayar, inji yana juyawa amma ba ya kamawa, sai harbi ta kafireto. Ko lalacewa ta yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, riƙe kuɗinka tukuna. Wannan harbin shaida ne cewa wuta tana zuwa, lokacinta ne ya saɓa.

Ga inda mutane da yawa suke ruɗewa. Karanshaf, wato babbar sandar da fistin suke juyawa, yana juyawa sau biyu kafin distirbuta ta zagaya sau ɗaya. Don haka alamar da ke jikin fulin da ke gaban karanshaf takan zo kan sifili sau biyu, kuma duka biyun fistin na ɗaya yana can sama: sau ɗaya ya matse iska da fetur yana jiran wuta, sau ɗaya kuma hayaƙi ya gama turawa waje. Idan ka dasa distirbuta a kan na biyun, ta kauce da digiri 180, wuta za ta sauka bawul yana buɗe. Ina kyautata zaton abin da ya same ka ke nan.

Cire wayar kwayil, wato wadda ke kawo wa distirbuta wuta, ka kwance fulogi na ɗaya, ka toshe bakin ramin da babban yatsa. Wani ya sa sifana a notin fuli ya juya injin a hankali, ta inda yake juyawa in yana aiki. Da ka ji iska tana ture yatsanka tana huci, to matsin ne. A ci gaba kaɗan-kaɗan har alamar fuli ta tsaya kan sifili. Kada a yi wannan da sitata, wucewa take yi.

Yanzu duba murfin distirbuta, ka ga inda wayar fulogi na ɗaya take shiga, ka ja layi da alli a jikin distirbutar daidai wurin. Nan bakin rota, wato abin da ke juyawa a ƙarƙashin murfin, zai kalla bayan distirbuta ta zauna. Na ce bayan ta zauna, domin haƙoran giyar a karkace suke, rota takan murɗa kaɗan yayin da take sauka. Sai ka fara da ita baya da haƙori ɗaya. In ta sauka ba ta kan layin ba, zaro ka sake, ba abin kunya ba ne. Wasu injuna ba giya gare su ba, harshe ne mai shiga tsaga a bakin kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawul, an kauce da shi daga tsakiya don ya shiga ta fuska ɗaya kawai.

Idan ta rage kaɗan ta ƙi zama, a injuna da yawa gindinta ne bai shiga sandar famfon baƙin mai ba. Danna ta da hannu, a motsa fuli kaɗan, za ka ji ta faɗa. Kada ka kuskura ka ja ta da noti, ɓarnar da za ta biyo baya ta fi ƙarfin kuɗin roba. Ka shafa wa sabuwar robar mai kafin ka zura.

Wayoyin fulogi kuma su bi jerin wuta ta inda rota take juyawa. Yawancin masu silinda 4 jerinsu 1-3-4-2 ne, amma ka tabbatar da na injinka. In distirbutar mai kwantak ce, wato ƙarafa biyu masu haɗuwa suna rabuwa don ba da wuta, daidaita tazararsa tun yanzu, wajen milimita 0.4, don taɓa shi daga baya yana canza taimin, wato lokacin wuta.

Ɗaure notin sama-sama ka tayar. In inji ya yi zafi, cire tiyon iskan da ke jikin distirbutar ka toshe shi, ka haska fuli da fitilar taimin. Yawanci digiri 5 zuwa 10 ne kafin fistin ya kai sama, amma takardar da ke ƙarƙashin bonet ita ce alƙali. Juya jikin distirbuta saɓanin juyin rota yana gaggauta wuta, bin juyinta yana jinkirta ta. Saitin kunne zai kai ka gida, amma ban yarda a zauna a kansa ba: wuta in ta yi gaba inji ya riƙa ƙwanƙwasa a hawa, in ta yi baya ya yi zafi ya sha mai. Bayan ka ɗaure notin sosai ka sake haskawa, takan gusa wajen ɗauri.