Abin da ya sa dashenka ya yi rawaya a inuwa

Ka tambaye ni, ɗana, dalilin da ya sa dashen gwaibar da ka jera a gindin darbejiya ya yi rawaya kuma ya miƙe siriri, alhali ba ka hana shi ruwa ko taki ba. Ba domin tambayar ta fama mini tsohon miki ba, da cewa zan yi ka je ka buɗe idonka, tun da ku yaran yanzu kun fi duban waya a kan duban ganye.

Taki ba shi ne abincin shuka ba, matsayinsa bai wuce na gishiri da daddawa a miya ba. Ganye ne madafin. Koren nan nasa, wanda masana ke kira kulorofil, shi yake kama hasken rana, saiwa ta turo ruwa, wasu ƙananan ƙofofi da akasarinsu ke bayan ganyen su shigo da iskar kabon dayoksaid, a haɗa sukari, a saki iskar oksijin da muke shaƙa. Da sukarin nan ake gina reshe da saiwa da 'ya'ya.

Wata shekara wani attajiri ya ɗebi mangwaro mai aure guda 200 a wurina, waɗanda na aurar da hannuna na kuma yi renonsu fiye da shekara, ya biya rabi, ya ce sauran sai ya dasa. Na ja kunnensa a gaban direbansa cewa kada su kwana biyu ba su ga rana ba. Ashe rijiyar gonarsa ba ta kammalu ba, sai ya sa aka kulle su a sito saboda tsoron ɓarayi da awaki, har mako 4, ana kwarara musu ruwa safe da yamma, ana barbaɗa musu takin zamani. Ranar da aka buɗe mini ƙofar, warin ruɓa ne ya fara tarbata. Ganyen ya zube a ƙasa, na zare guda ɗaya daga leda na tarar da saiwar ta yi baƙi ta yi laushi. Bawan Allah nan ya dubi tsabar idona ya ce marasa lafiya na sayar masa. Muka je gaban mai unguwa, aka ce in yi haƙuri, kuma har yau ban ga ko kwabo daga cikon kuɗina ba. Ɓata sunan da ya yi mini ya fi kuɗin ciwo.

Yadda ake haɗa ƙasa da cika leda kuwa ba zan ɓata bakina a kai ba. Gobe ka fitar da gwaibar, amma hantsi kawai za ta riƙa sha na 'yan kwanaki, domin ganyen da ya saba da inuwa ƙonewa yake yi idan aka jefa shi tsakar rana lokaci guda. Ka kuma wanke mata ƙurar hunturun da ta lulluɓe ganyen kafin in iso.