Me ke riƙe mutum a jirgin lilo idan ya kife kai ƙasa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai walda ne a Zango, nan Damagaram, kuma nakan ƙera lilon yara idan Sallah ta matso. A fadarmu muka kalli bidiyon jirgin wasan nan da ke gudu bisa ƙarfe, ya hau sama ya kife da mutane. Gardama ta kaure har shayi ya huce. Wasu suka ce ƙarfen da ke sauka bisa kafaɗu ne ke riƙe su, sai wani ya nuna mana jirgin da ke kifewa alhali ƙarfe ɗaya ne tak a kan cinya. Wanne ya fi aminci? Kuma me ke hana jirgin kansa sauka daga hanyarsa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka zuba ruwa rabin bokiti, ka fita tsakar gida, ka wulwula shi da hannu ɗaya kamar majajjawa. Lokacin da bokitin ke saman kanka bakinsa na kallon ƙasa, ba murfi, amma ko ɗigo ba ya zuba. Ka rage sauri kaɗan, sai wanka. Abin da ke faruwa da fasinja ke nan a ƙolin zagayen, inda jirgin ke kifewa: gudu da lanƙwasar hanya ne ke danna shi cikin kujera. Na yi lissafi don ka kai wa abokanka. Idan daga tsakiyar lanƙwasar zuwa bakinta mita 5 ne, gudun kamar kilomita 25 a awa shi ne mafi ƙarancin da zai hana mutum rabuwa da kujera, kuma maƙeran ba sa barin jirgi ya wuce wurin da wannan ɗan gudun, sai sun ƙara masa sosai.

Wahalar tana ƙasa, wurin shiga zagayen. In an yi shi da'ira sak kamar tayar keke, gudun da zai kai jirgin sama yana sa mutum ya ji nauyinsa ya ninka sau 6 a gindin zagayen, wato mai kilo 70 ya ji kamar kilo 420, kuma farat ɗaya abin ke zuwa. A 1895 an gina irin wannan a Coney Island ta Amurka, mai suna Flip Flap Railway, mutane suka riƙa saukowa da ciwon wuya. Wani injiniya Bajamushe, Werner Stengel, shi ya kawo gyara. Ka lanƙwasa tiyon ruwa, ka gitta bakunansa biyu ka ja kaɗan: za ka ga gefuna sun miƙe a hankali, sama ta matse. Da wannan siffa nauyin ke zuwa sannu a hankali. Jirgin da ake kira Revolution, wanda aka buɗe a Kalifoniya a 1976 da lissafin Stengel da ƙirar Anton Schwarzkopf, haka aka yi shi, kuma da ƙarfen cinya kaɗai ya fara ɗaukar mutane. A 1992 aka ƙara masa na kafaɗa, mahaya suka yi ta kukan yana bugun kai, a 2016 aka cire. Abokinka da ya nuna bidiyo na biyu yana da hujja.

To ina amfanin ƙarfen? Wurin da ba ku kalla ba a bidiyon: kan tudu. Ka tuna zama a kujerar baya ta motar haya a hanyar Mirya, direba ya tsallake tudu bai rage gudu ba, ka ji mazaunanka sun rabu da kujera, hularka ta taɓa rufi. A jirgin lilo da gangan ake tsara wannan tashin, masu sha'awar abin ma shi suke bi. A nan jirgin ke nufar ƙasa jiki kuma yana son ci gaba da tafiya sama, kuma a irin wannan wuri ne ƙarfe ke raba mutum da faɗuwa. Abin da ake son kamawa shi ne ƙugu da cinyoyi. Mutumin da ke zaune, gwiwa a lanƙwashe, ƙarfe ya danne cinyarsa kusa da mara, kujerar kuma tana da zurfi da ɗan tudu tsakanin ƙafafu, ba shi da hanyar miƙewa, wanda kuwa bai miƙe ba ba zai zame ba. Jirgin Formula Rossa na Abu Dabi, da aka buɗe a 2010, yana kai kilomita 240 a awa cikin daƙiƙa 5, amma ƙarfen cinya ne a kansa. Abin da suka tilasta shi ne tabarau, saboda yashi da ƙwari, kuma duk wanda ya hau babur cikin ƙurar hunturu a garin nan ya san dalili.

Ba na cewa na kafaɗa banza ne. Yana hana gangar jiki kifawa gaba ko karkacewa a jiragen da ke murɗawa kamar igiya, ko waɗanda ke rataye mutum a ƙarƙashin hanya, kuma yana kwantar da hankalin mai tsoro. Amma na taɓa hawa wani tsohon jirgi lokacin da na je horo a Faransa, kaina ya yi ta kai da komo tsakanin sandunan nan biyu har na sauko kunnuwana na zafi. Shi ya sa sababbin ƙira da yawa suka koma ga ƙarfen cinya mai ƙarfi, a haɗa da riga mai laushi bisa ƙirji. A ganina, in an ƙera kujerar da kyau, na cinya ne ginshiƙi.

Kai mai walda, makullin ne zai fi jan hankalinka. Wasu kamar birkin hannu na mota suke: kana ja yana ƙas-ƙas-ƙas bisa haƙora, ba ya komawa sai an saki harshen. Wasu kuma da mai suke aiki kamar jak, su tsaya daidai inda aka danna. Ko wanne ne, a manyan jirage biyu ake sawa a kowace kujera, in ɗaya ya lalace ɗaya ya riƙe. Kuma a kulle suke da kansu. Buɗewa ce ke bukatar wuta ko takun ma'aikaci a tasha. In wuta ta ɗauke, mutane sukan maƙale a zaune, amma ba sa zubowa. Birkin hanya ma haka, irin na manyan motocin da ke ɗaukar mai daga matatar SORAZ: iska ce ke buɗe shi, iska na tsiyayewa ya damƙe.

Batun jirgin da hanyarsa gajere ne. Galibi ba shi da inji, sarƙa ke jan shi zuwa tudun farko, sauran tafiyar gangara ce. Kowace ƙafarsa tana da tayoyi kashi uku: na sama masu ɗaukar nauyi, na gefe masu hana kaucewa, da na ƙasa masu hana tashi. Sun rungumi ƙarfen hanyar kamar yadda hannunka ke riƙe bututu. John Miller ne ya yi rajistar dabarar tayar ƙasan a Amurka a 1919.

Inda haɗari ya fi fitowa shi ne jikin da bai dace da kujerar ba. Yaro ƙarami yana iya sulalewa ta ƙarƙashin ƙarfen, shi ya sa ake auna tsawo a ƙofa, sau da yawa mita 1,20 zuwa 1,40. Mai babban ciki kuma ƙarfen na iya tsayawa bisa tumbinsa bai kai cinya ba. Ya kulle, amma bai kama ƙashi ba. A 2013 wata mata ta faɗo daga jirgin New Texas Giant a Amurka ta rasu, kuma kafin a sake buɗe shi sai da aka ƙara ɗamara a kowace kujera, aka ajiye kujerar gwaji a bakin shiga. Ɗamarar nan tana aikin awo: in ba ta kai ta ɗauru ba, ƙarfen bai sauka yadda ya kamata ba. Wanda Allah ya kai shi hawa, ya tattare babbar riga kada ta yi tudu bisa cinya, mace ta cusa bakin mayafinta ciki, hula da waya a bar su ƙasa.

Lilonka na Sallah ba ya kifewa, amma yara na miƙewa tsaye in daɗi ya kama su. Ka zurfafa kujerar, ka walda ɗan ƙarfe tsakanin ƙafafu, sandar gaba ta sauka har kan cinya. Sakata kuma ka sa biyu, a bayan kujera, inda hannun yaro ba ya kai.